A Kan Yashin Kyanwa Na Fasa wa Ƙanena Baki

Anti mai filin shawara, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, don ban san ta inda zan kama ba. Tambayar da na zo da ita ƙarama ce, har kunyar rubuta ta nake ji: wane irin yashi ya kamata in saya wa kyanwa ta riƙa kashi da fitsari a ciki? Na san wasu za su karanta su yi dariya. Amma a kan yashin nan na karya wa dabba ƙafa, na fasa wa ƙanena baki, mahaifiyata kuma yau kwana tara ba ta amsa gaisuwata ba.

Ni direba ne, manajan wani kamfani nake tuƙawa. Ina zaune da matata da 'yarmu mai shekara shida a hawa na uku na wani gidan haya, ɗaki biyu da falo da ɗan baranda. Wata biyar da suka wuce Inna, mahaifiyata, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun hagu da ƙafar hagu suka daina aiki sosai, harshenta ya yi nauyi. Da aka sallame ta daga asibiti muka zauna da ƙanena, wanda bakanike ne kuma bai yi aure ba, muka ga ba inda ya dace da ita sai wurina. Sharaɗi ɗaya ta kafa, wai ba inda za ta taka sai da kyanwarta.

Kyanwar nan ta kai shekara goma sha ɗaya a hannunta. Tun rasuwar Baba ita ce abokiyar hirarta. Auta take kiranta, shi ya sa ƙanena kan yi wasa ya ce an ƙwace masa sarauta da ransa. A tsohon gidanmu akwai tsakar gida da ƙasa, ba wanda ya taɓa sanin inda take zagayawa. A hawa na uku kuwa ba ƙasa, sai tayil.

Da farko yashin gini na ɗebo a buhu daga wani wuri da ake aiki, na zuba a bahon roba na ajiye a baranda. Kwana uku wari ya cika gidan, ƙudaje suka yi mana sallama, maƙwabciyarmu ta daina buɗe tagarta. Ga yashin yana bin ƙafar kyanwar har falo. Wata rana sandar Inna ta zame a kansa, da ba don matata na kusa ba da ta faɗi. Sai na je shagon da ake sayar da kayan dabbobi. Mai shagon ya ba ni wani mai ruwan toka, mai laushi, wanda yake dunƙulewa idan fitsari ya taɓa shi. Auta ta so shi ƙwarai, warin ma ya ragu. Amma ƙura gare shi, in ana zubawa sai ka ga kamar hayaƙi. Matata tana da asma, ga ciki wata biyar a lokacin, kuma ita take kwashewa don ni tun da sassafe nake fita. Wata ranar Laraba aka kira ni a wurin aiki, na iske ta a asibiti an sa mata abin numfashi a fuska, leɓɓanta sun yi baƙi. Likita ya ce a raba ta da ƙurar nan. Da muka dawo gida ta ce min ita ba ta ƙi Inna ba, amma in zaɓa, ko kyanwa ko numfashinta.

Na koma wurin mai shago. Wannan karon ya ba ni wani fari mai ƙwayoyi kamar gishirin da ba a daka ba, yana ƙamshin lemo. Ya rantse min ba ƙura ba wari. Ya haɗa min da akwati mai murfi da 'yar ƙofa. Na zo na zubar da tsohon gaba ɗaya, na wanke baranda, na jera sabon ina jin na gama da matsala. Auta ta shiga sau ɗaya, ta fito tana yarfe ƙafafu, ba ta ƙara kallonsa ba. Daga nan fa ta fara fitsari ko'ina a gidan. Bayan kujera, kan dadduma, cikin jakar makarantar 'yata, cikin kwandon kayan guga. Wani lokacin ɗigo kaɗan za ta yi nan, ta yi can, tana wani irin kuka. Sau biyu na ga ɗigon da ɗan ja-ja a tayil, ban kula ba, na ɗauka iskanci ne kawai da ganganci.

Anti, a nan zan faɗi gaskiya ko da za ki tsane ni. Na fara dukan Auta. Da silifas na fara. Wani abokin aikina ya ce in riƙa kama wuyanta in goga hancinta a cikin fitsarin, na yi, ta yage min bayan hannu, na ƙara mata. Na taɓa kulle ta a baranda cikin rana tun safe har la'asar ba ruwa, Inna na kiran sunanta da wannan harshen nata mai nauyi, na yi kamar ban ji ba. Duk lokacin da na shigo gida sai ta shige ƙarƙashin gadon Inna. Hakan ma haushi yake ba ni.

Ranar da abin ya faru na makara, na zari farar rigar aiki daga kwando na saka. Wallahi ban ji warin fitsari a jikinta ba, hancina ya riga ya saba. Na ɗauko manaja tare da wani baƙonsa, gilasai a rufe, na'urar sanyi na aiki. Ba mu yi nisa ba manaja ya ce in tsaya a gefen titi. A gaban baƙon ya tambaye ni ko har yanzu fitsarin kwance nake yi. Baƙon ya toshe hanci yana dariya. Manaja ya karɓi makulli, ya ce in je in yi wanka in dawo gobe in zama mutum. Suka bar ni a tsaye a titi. Shekara tara ina tuƙa mutumin nan ban taɓa goga masa mota ba.

Ban san yadda na iso gida ba. Abin da na sani shi ne na hau matakalar nan uku-uku, na banko ƙofa, na ga Inna a kujerarta, Auta kwance a cinyarta tana lumshe ido. Na damƙi wuyan kyanwar. Inna ta riƙe ta da hannunta mai lafiya, ni kuma na fizga da ƙarfina duka, sai Inna ta zamo daga kujera ta faɗi a kan ɓarin da ba ya aiki. Na ga faɗuwarta da idona, amma ban tsaya ba. Na maka kyanwar da bango. Da ta faɗo na bi ta da ƙafa, da takalmin aiki. Na ji ƙarar wani abu ya ɓalle, irin ƙarar busasshen kara. Ta ja ƙafarta ta baya a ƙasa ta shige ƙarƙashin kabad tana wani ihu da ban taɓa jin dabba ta yi ba. Na ɗauko sandar mofa ta goge tayil ina zungurarta. Matata ta riƙe min riga ta baya tana cewa in dubi Inna, na ture ta, bayanta ya bugi bakin ƙofa, ta durƙushe riƙe da ciki. 'Yata ba ta je makaranta ba ranar, tana ƙarƙashin tebur ta toshe kunnuwa.

Matata ce ta kira ƙanena. Garejinsu ba nisa, ya iso da baƙin mai a hannu. Ya ɗaga Inna ya mayar da ita kujera, ya gyara mata ɗankwali, sannan ya juyo ya ce, "Yaya, Inna ka jefar a ƙasa?" Kafin in buɗe baki ya ɗauke ni da mari. Yaron da na goya, na koya wa hawan keke. Idona ya rufe. Muka kama kokawa a tsakiyar falo, muka faɗa kan teburin gilashi ya tarwatse. Na hau kansa ina naushi, ban ƙirga ba. Akwatin yashin nan da na shigo da shi falo don tilasta wa kyanwar ya kife, farin yashin ya watsu, jinin bakin ƙanena yana zuba a kai. Haƙoransa biyu na gaba suka fita. Sai da maza uku cikin maƙwabta suka ɓamɓare ni daga jikinsa. Duk wannan abin Inna na kallo, tana son magana bakinta ya ƙi, sai hawaye.

Ƙanena da bakinsa a fashe ya durƙusa ya jawo Auta da tawul, ya kai ta wurin likitan dabbobi kafin ma ya kai kansa asibiti. An ɗaure ƙafar, yanzu tana cikin kwali a ɗakinsa na bayan gareji. Ya aiko min da saƙo wai zai zo ya ɗauke Inna, alhali ɗakin nasa ko banɗakin kirki babu. An duba matata, an ce abin da ke cikinta lafiya, amma tun ranar a ɗakin Inna take kwana. Inna in na shiga sai ta juya fuska bango, abinci ma sai daga hannun matata take karɓa. Abin da ya fi ci min rai 'yata ce. Shekaranjiya na sunkuya zan cire takalmi, ta zabura ta ruga bayan uwarta.

Ni ba mugu ba ne, Anti. Ban taɓa ɗaga wa matata hannu ba sai ranar. Na dai san ina da zuciya, na taɓa fasa waya da bango, na taɓa shaƙe wani mai babur da ya goge min madubi, amma kowa ya san titi. Ni na ɗauko uwata, ni na yi ta sintiri shago, ba wanda ya taya ni. Ƙanena da yake marina ko sau ɗaya bai taɓa kwashe kashin kyanwar nan ba. Jiya matata ta ce min magana ɗaya Inna take maimaitawa, a dawo mata da Auta. Ina ganin in na samo yashin da kyanwar za ta yarda da shi, wanda kuma ba zai tayar wa matata da asma ba, komai zai koma daidai. Don Allah wanne zan saya?

Naki,
Direban da birkinsa ya tsinke

*

Wa'alaikumus salam, Malam Direba.

Zan ba ka amsar yashi, don tambaya ce ta gaske kuma tana da amsa. Amma ba zan yaudare ka in ce buhu ɗaya daga shago zai gyara gidanka ba.

Na ga nauyin da ke kanka. Ka ɗauko mahaifiyarka ba ka yi ƙorafi ba, ka gwada yashi kala uku, matarka ta kwanta asibiti, sannan aka ci mutuncinka a bakin titi. Abin da manajanka ya yi rashin tarbiyya ne, marin da ƙanenka ya yi maka ma bai kamata ba, kuma gaskiyarka ce da ka ce an bar maka wahalar kai kaɗai. Duk na yarda. Sai dai ka lura da abu ɗaya. Mutumin da ya wulaƙanta ka, ko yatsa ba ka nuna masa ba. Ka miƙa masa makulli, ka ɗauko fushin ka hau da shi hawa uku, ka sauke a kan tsohuwa mai shanyayyen jiki, da mace mai ciki, da dabbar da ba ta iya kare kanta. Wanda ya iya riƙe hannunsa a gaban mai ƙarfi, birkinsa bai tsinke ba, zaɓen inda zai taka yake yi. Kuma abin bai fara ranar ba. Ya fara tun silifas na farko, da ranar da mahaifiyarka take kira kana yi kamar ba ka ji.

Ita Auta ba ganganci take yi ba. Kyanwa ba ta san ramuwa ba. Tsohuwa ce da ta saba da ƙasa mai laushi, ka ba ta ƙwayoyi masu sukar tafin ƙafa, da turaren da hancinta ya fi naka jinsa nesa ba kusa ba, a cikin akwati mai murfi, duk a rana ɗaya. Goga mata hanci a fitsari bai koya mata komai ba sai tsoronka. Sannan ɗigon nan kaɗan-kaɗan da kuka da ja-ja da ka gani, alama ce da ake yawan gani idan mafitsara ta samu matsala. Wataƙila duk lokacin da kake dukanta ciwo take yi. Yau ɗin nan ka sa a gaya wa likitan dabbobin wannan bayanin, don mai yiwuwa ƙafar kawai ya duba.

Ga maganar yashi. Ka manta da na gini, yana riƙe wari kuma yana iya zuwa da ƙwari. Mai dunƙulewar nan mai ƙura ya fita saboda ƙirjin matarka. Duk wani mai turare ka bar shi a shago, komai rantsuwar mai shago. Yanzu da ƙafarta ke ɗaure, wanda aka yi da takarda ya fi, don yana da taushi, ƙurarsa kaɗan ce, ba ya kuma shiga cikin ɗauri. In ba ka samu ba, tsohuwar jarida da aka yayyaga ƙanana za ta riƙe ku na ɗan lokaci, in dai ana canzawa kullum. Idan ta warke, ka nemi mai laushi marar ƙamshi, irin wanda ake yi da tsirrai ko garin katako, ka buɗe buhun a shago ka damƙa ka saki, in ƙura ta tashi ka ajiye. Ka samu baho biyu marasa murfi, masu gajeren baki yadda gurguwar ƙafa za ta iya hawa, ka zuba kala biyu, kaurin yatsa uku, ka bar ta ta zaɓa da kanta. In za ka canza nan gaba, ka riƙa gauraya sabo da tsoho kaɗan-kaɗan na kamar mako guda. A ajiye su inda ba hayaniya, nesa da abincinta. A kwashe safe da yamma, a wanke bahon duk mako da sabulu marar ƙamshi. Wuraren da ta ɓata a wanke su sosai, in ba haka ba warin zai sake kiranta. Kayan guga kuma a sa su a kabad a rufe.

Kwashewar nan aikinka ne, ba na matarka ba. Mai ciki bai kamata ta taɓa kashin kyanwa ba ko da ba ta da asma, don akwai cutar da kan iya kaiwa ga ɗan da ke ciki. Ku kuma tambayi likitan matarka ko gashin kyanwar ma yana tayar mata da ciwon. In haka ne, Auta ta tsaya a ɗakin Inna, ko ta zauna wurin ƙanenka a riƙa kawo ta. Numfashin matarka ba abin ciniki ba ne. Shi ma ƙanenka ya karɓi rabonsa na hidimar mahaifiyarku, ranaku sanannu, ba sai rigima ta tashi ba.

Amma kada Auta ta dawo gidan nan sai ka yi waɗannan. Ka sa likita ya duba Inna, faɗuwa a kan shanyayyen ɓari ba wasa ba ce, ga shi ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo. Ka durƙusa a gabanta ka nemi gafara ko da fuskarta na bango, ka faɗi abin da ka yi da bakinka, kada kalmar "amma" ta shigo ciki. Gobe ma ka koma. Haka za ka yi wa matarka, kuma in ta ce tana son ta je gidansu ta huta, ka kai ta da kanka ba tare da ɓata rai ba. Ka taka har gareji, kai babba, ka kai ƙanenka wurin likitan haƙori. Maganar marin ka bar ta, shi zai kawo ta da kansa wata rana. 'Yarka kuwa ka zauna a ƙasa daidai tsawonta, ka gaya mata Baba ya yi laifi, ba laifinta ba ne, ba na kyanwa ba ne. Kada ka matsa mata ta zo jikinka. Abin da za ta gani a watanni masu zuwa shi zai dawo da ita.

Sannan ka nemi taimako a kan zuciyar nan, kada ka ce ai kowa ya san titi. Waya, mai babur, kyanwa, uwa, mata, ƙane: abin gaba yake yi. Ka gaya wa wani babba da kake jin nauyinsa duk abin da ka gaya min, ba ragi. Ka tambaya a asibiti, akwai masu ba da shawara a kan irin wannan, zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Kafin nan, duk ranar da aka ɓata maka rai a waje, kada ka hau matakalar nan sai ka huce, ko da za ka yi awa guda a zaune a ƙofar gida.

Ke kuma 'yar'uwata matar direba, in wannan shafi ya zo hannunki, ki sanar da danginki abin da ya faru tun yanzu. In hannu ya sake tashi a gidan, ko a kan waye, ki ɗauki 'yarki ki fita, ki kira a zo a ɗauke Inna, magana ta biyo baya.

Malam Direba, ba kowa ke iya rubuta laifinsa dalla-dalla yadda ka yi ba, shi ya sa ban cire rai da kai ba. Allah ya ba Inna lafiya, ya sauki matarka lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya daidaita tsakaninka da ɗan'uwanka.

Taku,
Anti